Wasiƙa Daga Manchesta Zuwa Kaltungo

Zuwa ga Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da dukan mutanen gida. Saƙon Mama ya iso ni, na kuma ji damuwarku a kan Auta, wanda kuka ce ya janye daga ƙungiyar mawaƙa, sujadar Lahadi ma sai an yi ta fama da shi kafin ya je. Shi ya sa na zauna na rubuto muku a tsanake, domin maganar ta fi ƙarfin waya.

Lokacin da zan taso, fargabarku ita ce kada bangaskiyata ta yi sanyi a ƙasar da mutane suka ja baya da ibada. Kuna da hujja, gama ƙidayar 2021 ta nuna cewa kashi 46 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka kira kansu Kirista, akwai kuma tsofaffin majami'u da aka mayar gidajen haya. Amma a nan ɗin ne Ubangiji ya fi yin aiki a cikina. A gida, muryar Baba ce take tashe mu addu'ar asuba, kunyar dattawan ikilisiya kuma take kai mu majami'a. A nan kuwa babu mai tashina, babu mai tambayar inda na kwana. Sai da ya zama ba wanda yake kallona na gane cewa ni da kaina nake neman Allah, ba don na gaje shi daga gare ku kaɗai ba.

Inda aka fi horar da ni shi ne wurin aiki. Ina kula da tsofaffi masu ciwon mantuwa, kuma a cikinsu akwai wata da nake yi wa wanka, in ba ta abinci a baki, gobe ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, wani lokaci har da zagi. Tun muna makarantar Lahadi muka haddace 'ya'yan Ruhu da ke cikin Galatiyawa sura 5, haƙuri da tawali'u da kamunkai duk suna ciki, amma haddacewa daban, mutum ya haɗiye fushinsa da ƙarfe uku na dare a gaban wadda ba za ta taɓa gode masa ba daban. Babu wa'azin da ya koya mini wannan. Mama, ke da kika san zafin zuciyata, da kin gan ni yanzu da kin yi mamaki, kuma ba ƙoƙarina ba ne.

Saboda haka nake roƙonku ku sassauta wa Auta. Annabi Irmiya, a sura 18, ya ga tukunya ta lalace a hannun magini, maginin kuma bai jefar da yumɓun ba, ya sāke gina wata da shi. Musa ya yi shekara 40 yana kiwo a Madayana kafin a aike shi wurin Fir'auna. Bitrus ya yi mūsun Ubangiji sau uku, shi ne kuma ya yi wa'azi ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka tuba. Ko a ƙasarmu ta Tangale, 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun iso tun 1917, amma sai 1954 aka kafa ikilisiyar ECWA daga aikinsu. A ganina, yaron da yake yin tambayoyi masu wuya ya fi kusa da gaskiya bisa wanda yake rera waƙa don kawai a bar shi ya huta.

Baba, in ka yarda, kada a kai ƙararsa wurin fasto tukuna. Ka riƙa ba shi Littafi Mai Tsarki ya karanta muku nassi a addu'ar gida, in ya yi tambaya kuma a amsa masa ba da tsawa ba. Ni ma zan riƙa kiransa duk Asabar bayan na tashi aiki.

A gaishe mini da Kaka da zumuntar mata, a ce na gode da addu'o'insu.

Ni ce 'yarku.