Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Antoni Janar na Tarayya kan hukunce-hukuncen Kotun ECOWAS

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu lauyoyi ne masu aiki a Abuja. Damuwarmu ita ce abin da ke biyo baya idan Kotun ECOWAS ta kama Najeriya da laifin take haƙƙin ɗan Adam.

Tun 2005 talaka ke iya kai ƙarar gwamnatinsa gaban kotun nan kai tsaye, ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. Ta wannan ƙofar aka kai maganar mutum takwas da jami'an tsaro suka kashe a wani kango a unguwar Apo da ke Abuja a 2013, kotun kuma ta yanke diyya a 2016. Sashe na 15 na yarjejeniyar ECOWAS ta 1993 ya ce hukuncinta ya hau kan kowace ƙasa ta ƙungiyar. Sai dai kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Magatakarda ne ke aika wa ƙasa takardar zartarwa, ƙasar ta tantance cewa daga kotun ta fito, sannan a zartar bisa dokokin cikin gida.

A nan aikin ke cijewa. Sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniyar waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, kuma da wannan ake kafa hujja a ce hukuncin bai da mazauni a kotunanmu. Ko an tsallake wannan, doka ta ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan hukunci sai da amincewar Antoni Janar. Ke nan ofishin da ya kare gwamnati a shari'ar, shi ake roƙo ya yarda a cire kuɗin. Wannan tsari bai yi wa mai ƙara adalci ba, ko wa ke kan kujerar.

A Oktoban 2016 kotun ta umarci a saki Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, bai fito ba sai Disamban 2019. Idan mai wannan suna ya jira haka, ina ga direban Keke Napep? Alhali Nijar ta biya Hadijatou Mani sefa miliyan 10 da kotun nan ta yanke mata a 2008 kan gazawar ƙasar wajen kare ta daga bauta.

Muna roƙon ka kai wa Majalisa ƙudurin da zai ba hukuncin kotun nan matsayin hukuncin Babbar Kotun Tarayya, a kuma cire shi daga sharaɗin neman amincewarka. A ware wa diyyar layi nata a kasafin kuɗi kowace shekara. Wanda ba ya buƙatar jiran kowa kuwa, shi ne ma'aikatarka ta wallafa jerin hukunce-hukuncen da aka yanke wa Najeriya, da ranar kowanne, da adadin diyya, da wanda aka biya da wanda ya rage.

Mun gode, Allah ya taimake ka.

Wasu lauyoyi a Abuja