A ƙayyade yawan alƙalan Kotun Ƙoli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Naɗa sababbin alƙalai bakwai a Kotun Ƙolin Ghana da Shugaba Mahama ya yi a 2025 shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sashe na 128 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce kada alƙalan su gaza tara, ban da Alƙalin Alƙalai, amma bai faɗi iyaka ba. Alhali kotun nan ce ke fassara kundin, kuma daga gare ta ba sauran ɗaukaka ƙara. Duk shugaban da majalisa ke hannunsa, na jam'iyyar NDC ne ko na NPP, zai iya ƙara nasa alƙalan. A teburin mai shayin unguwarmu ma, tun kafin hukunci ake ƙirga wa ya naɗa wa.

Ina roƙon a gyara sashen, a sa adadin da ba za a wuce ba.

Naku mai karatu,
Aboabo, Kumasi