Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka Kan Wasiƙun Gubar Dalma

Ta hannun hakimai da dagatanmu.

Assalamu alaikum. Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka na Bagega, Dareta, Abare da Sunke muka kawo kuka fada.

Sarki ya fi kowa sanin abin da ya same mu a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida a niƙa da injin niƙan hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baka. Yaro ya fara jijjiga, a ce iska ce. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka zo aka gane abin, aka fara ba da maganin da ke fitar da dalma daga jini. Bagega kuwa ta jira har 2013 kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasa a zuba sabuwa. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukuma.

A Disamba 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara a 2019. Matasa na komawa ramuka, kuma ba mu ga laifinsu ba, yunwa ba ta jiran kowa. Amma mu da muka binne 'ya'ya mun san inda ƙurar nan ke ƙarewa.

Akwai wani ɗan siyasa da ke wakiltarmu. Duk taron da aka haɗu, amsarsa ɗaya ce: ya rubuta wasiƙa. Ya rubuta kan lafiya, ya rubuta kan muhalli, ya rubuta kan karatun yaran da gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata. Ba mu ƙaryata shi ba, ranka ya daɗe. Sai dai ba mu taɓa ganin ko kwafi ɗaya ba, ba mu san ofishin da aka kai ba, balle mu san ko an amsa.

Roƙonmu shi ne fada ta nemo wasiƙun nan da amsoshinsu, a karanta mana da Hausa bayan sallar Juma'a. Wadda aka yi shiru a kanta, fada ta bi sawu da hatiminta, domin takardar Sarki ba ta kwana a aljihun tebur kamar ta talaka. A cikin bin sawun a nemi a dawo da gwajin jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a kuma sake auna ƙasar gidajenmu.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar amsa daga Gusau ko Abuja. Sarki ya umarci dagatai kada a sake niƙa dutse cikin gari, a yi shi a bayan gari da ruwa, mai aiki kuma ya yi wanka ya canja tufafi a can kafin ya shigo ya ɗauki ɗansa.

Allah Ya taimaki Sarki.

Daga iyayen yara na ƙauyukan nan huɗu.