Wasiƙa Daga Columbus Zuwa Zariya

Columbus, Ohio
Daren Lahadi

Assalamu alaikum, mutumin Zazzau.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara gaba ɗaya. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Na san ka yi fushi, kuma kana da gaskiya, don tun bayan Babbar Sallah ban zauna na rubuto maka abin kirki ba, sai 'yan gaishe-gaishen WhatsApp. Aikin dare ne ya riƙe ni. Amma yau albishir na kawo, saboda haka ajiye fushin nan ka tanadi goro.

Na samo wa ɗanmu kwamfutar! Tana nan kan tebur a gabana, na goge ta, na kunna ta, komai lafiya lau. Tun ranar da ka ce ya samu shiga ABU kuma sashen nasu ya ce dole kowa ya zo da tasa, abin ya tsaya mini a rai. Na ji muryarka a waya lokacin da kake faɗin farashin da aka yi maka a Kaduna, ka yi dariya amma na san dariyar ba ta kai ciki ba. Yaron nan a hannuna aka yi masa huɗuba, ba zai yiwu ya riƙa aron ta abokai a Samaru ba alhali ina raye.

ThinkPad ce, samfurin T480. Kamfanoni a nan Amurka sukan yi amfani da irinta shekara uku ko huɗu su sallamar da su gaba ɗaya, sai dillalai su kwashe su zuba a eBay, kasuwar gwanjo ta intanet. Na zaɓe ta ne don batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da ake iya cirewa a canja, kuma ka san halin wutarku. Na kuma tabbatar tana ɗaukar Windows 11, tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, ga shi da yawa daga cikin masu arahar da ake turowa gida tsofaffi ne da ba sa ɗaukar sabon. Cajarta tana karɓar wuta daga 100 har 240, ba ruwanta da bambancin wutar nan da ta gida. Bakin soket kawai za ku saya, mai ƙafa uku.

Dala 148 da rabi na ci ta, ban da kuɗin aikowa da harajin jiha. Bari in ba ka labarin yadda aka yi, don har yanzu daɗin bai sake ni ba.

Gwanjo ne sosai, irin na "wa zai ƙara", sai dai babu mai ƙararrawa. Mai kaya yakan sa wa'adi, kwana ɗaya ko uku ko biyar ko bakwai ko goma, lokaci na cika wanda tayinsa ya fi shi ya ɗauka. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba ka faɗin kuɗin da za ka biya, iyakar abin da za ka iya biya kake rubutawa, kuma ba wanda ke gani. Na'urar ce ke zama dillalinka, ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda abokin takara ya matsa. Ni dala 171 na rubuta. Wanda ke bi na ya tsaya a 146, sai aka ɗora dala biyu da rabi a kan nasa aka sallama mini. Ragowar ta zauna a aljihuna.

Sau uku ana ƙwace mini wasu kafin wannan, duk saboda na yi saurin tayi, mutane suka ga ana so suka yi ta ƙari. A wannan karon na yi shiru kwana bakwai cur ina kallo. Mai kayan a California yake, su kuma suna bayanmu da awa uku, to ya saka ta da dare a wurinsu, sai wa'adin ya faɗo ƙarfe biyu saura na dare a nan, rabin ƙasar na barci. Ina wurin aiki, lokacin hutu, waya a hannu. Saura daƙiƙa takwas na danna. Wallahi zuciyata ta buga kamar ranar da muka je duba sakamakon jarrabawa a allon nan na bakin ofis, ka tuna, ranar da ka ce in duba maka kai ba za ka iya ba.

Ga wani abin da zai ƙona maka rai, kai da ba ka iya barin kuskuren Turanci ya wuce ko a jikin motar haya. A wannan kasuwa kuskuren rubutu shi ne arziki. Mutumin ya rubuta sunan kwamfutar ba daidai ba, ya tsallake harafi ɗaya, shi ya sa masu nema da yawa ba su gan ta ba. Da kai ne da ka tura masa gyara ka bar kayan! Shi ya sa har gobe ku ke da jami'a, mu ke da Kantin Kwari. Ban manta ranar da na kai ka Ƙofar Wambai sayen kwat ba, mai kaya ya faɗi kuɗi ka zaro ka miƙa ba ko tayi, har shi kansa ya ji kunya ya mayar maka da canji.

Amma fa a nan ma sai da ido. Kafin in taya komai nakan duba nawa aka sayar da irinsa a makonnin baya, don shafin yana nuna cinikin da aka riga aka gama, wannan shi ne farashin gaskiya, ba abin da masu kaya ke fata ba. Nakan karanta shaidar da masu saye suka bari a kan mutum. Nakan haɗa kuɗin aikowa a lissafi, don wani zai karya farashi ya rama a can. Kuma sun hana mai kaya ya sa ɗan'uwansa ya riƙa ƙarin ƙarya don ya tayar da farashi. Da na karanta wannan doka sai na tuna karatunmu na zaure, babin najashi, abin da Annabi (SAW) ya hana tun tuni.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ita ce ma ta sa na zauna rubutu maimakon in kira ka. Ƙaninka, autan Inna, ya turo mini saƙo sau biyu a watan jiya. Ya ce in riƙa sayo masa katin kyauta, abin nan da suke kira gif-kad, in tura masa lambobin, shi kuma ya sayar a Legas mu raba riba. Ya ce abokansa duk shi suke yi. Ban amsa masa ba, don kai ne babba, da kai ya kamata in fara.

Shi katin a kansa ba wani abu ba ne. A nan idan Kirsimeti ta zo ko bikin haihuwa, maimakon a ba mutum kuɗi sai a ba shi katin wani kanti, na dala hamsin ko ɗari. Wani ba ya sayayya a kantin, sai ya gwammace ya sayar da na ɗari a kan casa'in ya riƙe kuɗinsa. Dokar da suka yi a 2009 ta hana kuɗin katin ya mutu kafin shekara biyar, shi ya sa yake da kasuwa. Har babban kantin nan Costco sukan sayar da katunan gidajen abinci na dala ɗari a wajen tamanin, a fili, a kan kanta. Maman yara ta ƙware a wannan, rigunan sanyin yara na bana duk ta haka ta saya, ta jira kanti ya yi rangwame sannan ta biya da katin da ta saya da ragi. Mun ma tambayi limaminmu ko akwai riba, wato kuɗin ruwa, a ciki. Ya ce malamai sun saɓa, wasu na ganin kuɗi ne aka saya da kuɗi da fifiko, wasu na ganin haƙƙin karɓar kaya ne daga kanti ɗaya tak, ba kuɗi ba. Mu mun tsaya a na kanti ɗaya, ba ma taɓa wanda ake kashewa ko'ina kamar tsabar kuɗi.

To amma akwai wata araha da ba ta da asali. Bara na sayi katin dala ɗari a kan sittin a wani shafi, hannun wani mutum da ban sani ba. Na duba, kuɗin na ciki. Na bari sai bayan kwana tara na je kanti, na ɗebi kaya, mai karɓar kuɗi ta ce babu ko sisi. Mutumin ya riƙe lambar, ya kashe kafin ni. Kuɗin bai yi mini zafi kamar tunanin da ya biyo baya ba: wa zai ba da ɗari a kan sittin in da guminsa ya samu?

Amsar na gan ta da idona a gidan da muke haya. Akwai wata tsohuwa a ƙasanmu, mijinta ya rasu, ita kaɗai take zaune, takan ba yarana alewa. Wani ya kira ta ya ce daga ofishin haraji yake, in ba ta biya a ranar ba za a zo a kama ta. Ya sa ta je kanti ta sayi katuna, ta kankare bayansu ta karanta masa lambobin a waya. Kuɗin hayarta na wata biyu. Na same ta a matakala tana kuka, katunan a hannunta kamar za su dawo da wani abu. Hukumomin nan kullum suna shela cewa duk wanda ya ce a biya shi da katin kyauta ɗan damfara ne, amma tsoro ba ya barin tsoho ya yi tunani. Irin waɗannan lambobin ne ake watsawa da araha, su bi hannu zuwa hannu har su isa wayar yaro a Sabon Gari, shi yana ganin sana'a ya samu. Ban ce duk mai wannan harka ɓarawo ba ne. Amma shi ba zai iya bambance na halak da na tsohuwar nan ba, kuma ranar da EFCC suka bi sawun kuɗi, asusunsa za su tarar, ba na wanda ya yi kiran ba. Inna ba za ta iya ɗaukar wannan ba a halin da take ciki.

Don Allah ka zaunar da shi, ba da faɗa ba, ka san shi da zuciya. Yaron yana da kai, kuma hannunsa na gyara yana da kyau, shi ya tayar da rediyon Baba bayan kowa ya haƙura. In yana so, zan riƙa nemo masa kwamfutoci masu 'yar matsala a gwanjo, wadda allonta ya fashe ko madanninta suka lalace, ana samunsu da arahar gaske. Ya gyara ya sayar wa ɗalibai. Jarin farko ni zan sa.

Af, an ce mai shayin bakin layinku ya ƙara aure? Maman yara ce ta ji a wajen ƙanwarta, ni na ce sai na ji daga bakinka. In gaskiya ne ka ce ina taya shi murna, kuma har yanzu ina sane da bashin ƙwai biyun da kake ta cewa ka biya. Sanyi ya fara a nan, jiya da asuba sai da na kankare gilashin mota. Autarmu ta fara haɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya, uwarta na ta fama, na ce hutun bazara in Allah ya yarda za mu kawo ta wurin Hajiya ta gyara mata baki.

Alhajin da muke salla tare zai taho gida ƙarshen wata, ta Abuja zai sauka, ya yarda ya riƙo kwamfutar a jakar hannu saboda batir. Zan turo maka lambarsa. Kada ka gaya wa yaron tukuna, ina so ka ɗauki hotonsa lokacin da zai buɗe. Ka gaishe da Hajiya, ka duba mini Inna da kyau, ka ce mata maganin gwiwar ma yana cikin saƙon.

Naka har kullum,
Bakanon da ka sani