Wasiƙar Godiya ga Ofishin BLM na Yuma da Dattawan Ƙofar La Posa

Zuwa ga ma'aikatan hukumar kula da filayen gwamnatin tarayyar Amurka, wato BLM, reshen Yuma, da dattawan sa-kai da ke zama a rumfunan shiga La Posa, filin da masu zama a mota ke sauka lokacin hunturu, kudu da garin Quartzsite a jihar Arizona.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Na san ba ku jin Hausa. 'Yata da ke karatu a Tucson ta yi alkawarin juya muku wannan takarda zuwa Turanci idan ta samu hutu. Amma da Hausa na fara rubuta ta, domin ina so 'yan uwana da ke warwatse a ƙasar nan su karanta, ko akwai wanda kuɗin haya ya shaƙe wa wuya kamar yadda ya shaƙe ni.

A shekarar 2023 mai gidan da nake haya a Phoenix ya ƙara mini kuɗi har na kasa. Na sayar da kujeru da talabijin, na haɗa da ɗan abin da na tara a aikin kai kaya, na sayi wata tsohuwar farar Ford Econoline. Na cire kujerun baya, na kafa gadon katako, na sa tukunyar gas da jarkokin ruwa uku da bokiti mai murfi. Wata biyu ina kwana a filayen ajiye motoci na manyan kantuna. Wanda bai taɓa jin mai gadi ya ƙwanƙwasa masa gilashi da tocila ƙarfe uku na dare ba, ba zai gane yadda barci ke zama aiki ba. Kuma ban gaya wa kowa a gida ba. Da wane baki zan ce wa yayata a Tahoua wai ƙanenta da ke Amurka a mota yake kwana?

Wani direba ne ya ce mini in nufi Quartzsite idan sanyi ya shigo. A watan Nuwamba na bi babbar hanya ta 10, na karya kudu kan hanya ta 95, na tsaya a ƙofar La Posa ta kudu. A cikin rumfar akwai wata dattijuwa mai farin gashi, da tabarau rataye a wuya. Ta ce izinin kaka guda dala 180 ne, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, ko kuma dala 40 na mako biyu. Na sa ta maimaita. Wata bakwai, kwana bai kai dala ɗaya ba, ga famfo, ga bola, ga bandaki. Ta liƙa mini sitika a mota da hannunta, ta ce daga yau babu mai tashina da dare. Na ce, "Na gode, Inna." Ta tambayi ma'anar Inna, na faɗa mata, ta yi dariya ta ce ta karɓa.

Sai ta tambaya ko motata na da tankin ruwan datti mai ɗaukar galan goma. Na ce bokiti gare ni. Ta ce to doka ta ce in sauka cikin ƙafa 500 daga bandaki. Gaskiya raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wato masu manyan motoci su shiga daji su sha iska, mu talakawa a jibge mu a bakin masai.

To wannan dokar ce babban dalilin wannan wasiƙa, ku ji yadda aka yi.

Masu motocin alfarma, waɗanda suka fi wani gidan girma, kowa ya kan yi nisa ya rufe ƙofarsa ya kunna janareta. Mu kuwa masu ƙananan bas da motocin gida da tantuna dole muka zama unguwa guda. Da safe a hanyar bandaki za ka haɗu da mutum, gobe ka sake haɗuwa da shi, jibi kunya ta sa ku gaisa. A hannun damana akwai wani dattijo daga Montana, tsohon mai gyaran wutar lantarki, shi da karensa. A haguna wata tsohuwar malamar jinya daga Oregon da kuɗin fanshonta ya kasa biya mata ɗaki. Gaba kaɗan wasu matasa miji da mata da ke aiki ta intanet daga cikin motarsu. Shayi ne ya fara haɗa mu. Kullum bayan la'asar ina ɗora ƙaramar butata, ina ta juya shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Kwana uku dattijon Montana na leƙe daga nesa, ran na huɗu ya jawo kujerarsa.

A farkon Janairu, wani dare da sanyi ya kusa sa ruwa ya daskare, fitiluna suka mutu, waya ba caji, komai ya tsaya cik. Da gari ya waye na buɗe bayan mota ina kallon wayoyi kamar baƙauye a gaban injin jirgi. Dattijon ya zo bai ce uffan ba, ya durƙusa da na'urar gwajin wuta, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya. Ashe farantin solar da na ɗora a rufi kai tsaye na haɗa shi da batir, ba na'urar daidaita caji a tsakani, ba fis. Ya girgiza kai ya ce Allah ne ya tsare ban ƙone da motar ba. Ya koma motarsa ya ɗauko wata tsohuwar na'ura da ya ajiye, ya ɗaura, sannan ya kwance ya ce in ɗaura da kaina yana kallo. Sau uku ya sa na yi. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna ya ce in biya shi da shayi. Tun ranar nake ce masa Baba, ko da yake shekara tara kacal ya ba ni.

Malamar jinyar ce ta ja ni zuwa taron masu zama a mota da ake kira Rubber Tramp Rendezvous, wanda wani mai zama a mota, Bob Wells, ya assasa, ƙungiyar Homes on Wheels Alliance kuma take shiryawa a watan Janairu. Ba a biyan ko sisi. Ana koyar da harkar sola, da yadda ake samun adireshin karɓar wasiƙa ga wanda ba shi da gida, da yadda ake tsallakawa Los Algodones a Meziko don ganin likitan haƙori da sauƙi, har da darasin bokiti, wanda aka yi ba kunya ba tsoro. Akwai wurin da kowa ke ajiye abin da ba ya buƙata, mai so ya ɗauka. Can na samo bargon da nake rufa da shi har yau. Taron ya tuna mini da Ingall, inda mahaifina ya kai ni ina yaro a ƙarshen damina, Abzinawa da Fulani kowa ya koro dabbobinsa zuwa ƙasa mai gishiri, waɗanda suka shekara ba su ga juna ba suna ta tambayar lafiyar iyali da ta raƙuma. A nan lafiyar taya da ta batir ake tambaya. Sai dai ni a ganina, a taro ana musayar lambar waya ne kawai. Abota ta gaske a layin famfonku aka ƙulla ta, inda mutum kan tsaya rabin awa da jarkoki babu abin yi sai hira. Kuma kada hotunan faɗuwar rana da ake sawa a Instagram su ruɗi kowa. Wasu sun zaɓi wannan rayuwa, amma da yawa daga cikin maƙwabtana haya ce ta koro su, kamar ni.

Wata rana Baba ya ce in shiga motarsa zai nuna mini wani ɗan uwana. Ya kai ni maƙabartar garin, gaban wata 'yar dala ta duwatsu da siffar raƙumi a samanta. Kabarin Hadji Ali ne, wanda Amurkawa suka kasa faɗin sunansa suka mayar da shi Hi Jolly. Ya zo tare da raƙuman da sojojin Amurka suka sayo don gwada su a hamada, ya rasu a Quartzsite a 1902. Na tsaya na yi masa addu'a. Baba ya cire hularsa ya jira har na shafa.

Azumin 2024 a filinku ya same ni. Alƙibla a nan arewa maso gabas take, abin da ya daɗe yana ba ni mamaki, ni da na tashi na san gabas kaɗai. Maƙwabtana suka gane ba na shan shayin la'asar, suka mayar da zaman zuwa magariba ba tare da na roƙa ba. Matasan nan suka je Yuma sayayya suka dawo mini da kwalin dabino na gonakin yankin, manya-manya masu laushi. Malamar jinyar kuwa kullum sai ta ƙirga mini kofunan ruwan da na sha kafin in kwanta. Ranar 10 ga Afrilu na tafi Phoenix na yi sallar Idi, na dawo da yamma na tarar sun soya kaji suna jirana. A daren ne na kira yayata na gaya mata gaskiyar inda nake zaune, na juya wayar ta gaisa da su ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan bai yiwu ba sai da aikinku da ba a cika gani ba. Tun 1983 kuka keɓe wannan fili mai eka 11,400 don baƙin hunturu. Ana kwashe shara, ana wanke bandaki, famfo na zuba. Dokar kashe janareta daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe ta sa na riƙa yin sahur ina jin kukan karnukan daji kaɗai. Da farko na yi gunaguni kan hana tsintar itace, har sai da wani jami'inku ya tsaya ya yi mini bayanin yadda bishiyar hamada ke daɗewa kafin ta girma, da ƙananan halittun da ke fakewa a busasshen reshe. Ɗan Tahoua ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan abin da sare itace ke jawowa. Roƙona ɗaya ne, duk ranar da za ku zauna duba kuɗin izini, ku tuna da masu bokiti.

Da Afrilu ta raba muka watse, don zafin bazara a nan yakan haura digiri 45. Baba ya koma Montana, ni na hau tsaunukan Flagstaff. Muna waya duk ranar Lahadi. Ku gaya wa Inna ta ƙofar kudu, in Allah ya kai mu Nuwamba, ina tafe da ganyen shayin da na yi mata alkawari.

Naku,
Ɗan Tahoua mai farar Econoline