Godiya ga Asibitin Namun Daji na Tiggywinkles

Zuwa ga likitoci da ma'aikatan asibitin Tiggywinkles da ke Haddenham, a gundumar Buckinghamshire ta Ingila. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri.

Na zaɓi in yi muku godiya a bainar jama'a domin 'yan'uwana Hausawa mazauna Birtaniya su san da ku. Tun 1978 da marigayi Les Stocker da iyalinsa suka soma wannan aiki, kuna karɓar bushiya da mujiya da barewa dare da rana, ba ku neman ko kwabo. Mu kuwa abin da muka kawo muku bai fi tsawon yatsa ba.

A watan Satumba kyanwar maƙwabta ta yar da shi a lambunmu, wutsiya a gutsure, bayansa ruwan zinariya da baƙin layi a tsakiya. Uwargida ta ce ɗan maciji ne, kuma kun san a gida Nijeriya duk abin da ke jan ciki sanda ce maganinsa. Yara suka nace sai dai su riƙe shi a kwalba su yi kiwo.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ba ta raina shi ba, ba ta kuma yi mana dariya ba. Ta nuna wa yaran yadda yake ƙifta ido, abin da maciji ba ya yi don ba shi da fatar ido. Ashe ƙadangare ne marar ƙafafu, wanda Turawa ke kira slow worm, santsin jikinsa kamar na kulɓa, ba shi da dafi. Wutsiyar ma shi ya yar da ita da kansa, ta yi ta motsi ta ɗauke hankalin kyanwa. Za ta sake tsirowa, sai dai gajeriya. Abin da ya fi damun ma'aikaciyar shi ne haƙorin kyanwa, domin huda ƙarama kan ruɓe ta kashe irin waɗannan halittu. Ta duba shi tsaf ba ta ga rauni ba.

Inda kuka fi burge ni shi ne yadda aka shawo kan yaran ba tare da tsawa ba. An faɗa musu uwar tana haihuwa ne a ƙarshen bazarar Turai, kuma daga ranar farko ɗan ke neman abincinsa, wato ƙananan dodon koɗi marasa kwanso da tana, don haka ba maraya ba ne. Daga Oktoba zai shige ƙasa ya kwanta har Maris, ɗumin ɗaki kuwa zai hana shi wannan barci. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kashe shi ko raunata shi ko sayar da shi. Da babban ɗana ya ji wani irin wannan ƙadangare ya rayu shekara 54 a gidan zu na Kofanhegan, babban birnin Denmark, sai ya yi shiru, ya miƙa kwalbar.

Mun mayar da shi gindin tulin taki kamar yadda aka ce mana, mun kuma bar ciyawar kusurwar ba yanka. Mun aiko da ɗan abin da ya sawwaƙa, tunda da gudummawar jama'a kuke aiki. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara ɗaukaka wannan asibiti.

Naku,
Wani magidanci daga Aylesbury