Dokar Ingila ba a littafi guda ta faro ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, na ɗauki alƙalami ne saboda wata magana da na gani a shafin shari'a na jaridarku ta makon jiya. Marubucin, Allah ya ƙara masa basira, cewa ya yi wai tun can asali Turawan Ingila suna da dokarsu a rubuce cikin littafi guda, alƙali ya buɗe, ya karanta, ya yanke hukunci. Ranka ya daɗe, ba haka zancen yake ba. Na yi shekaru ina aikin rajista a kotu kafin in yi ritaya, kuma tun ina bakin aiki nake bin diddigin tsofaffin shari'o'in da lauyoyi ke jawowa a gaban alƙali. Abin da na tarar a gindinsu ya fi kama da takardun ɗalibin da ke ɗaukar karatu a gaban malami.

A babban zauren Westminster da ke Landan, inda manyan kotunan sarki ke zama, rubutu iri biyu ake yi. Na farko shi ne na magatakardan kotu, a kan fata, da harshen Latin. Tarin waɗannan fatu yana nan har gobe a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew. Sai dai busasshen rubutu ne: wane ya yi ƙarar wane a kan abu kaza, an yanke kaza. Dalilin hukunci ba ya ciki. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar kotu ya san irinsa.

Na biyun shi ne abin mamaki. Masu koyon aikin lauya da ƙananan lauyoyi sukan zauna a gefe suna kasa kunne, suna rubuta musayar yawun da ake yi tsakanin manyan lauyoyi da alƙalai: wannan ya kawo hujja, wancan ya rushe ta, alƙali ya katse su, wani lokaci har da gatse. Waɗannan takardu ne aka riƙa kwafa hannu da hannu, ana jera su bisa shekarar sarautar sarkin da ke kan gado, shi ya sa ake kiransu Year Books, wato kundayen shekara. Sun faro daga wajen 1268, suka tsaya a 1535, zamanin Sarki Henry na Takwas. Marubutansu ba su sa sunayensu ba. Sau da yawa ma ba su damu su faɗi wanda ya ci shari'ar ba, domin su dabarar kare magana suka zo koya, wanda ya yi nasara ba matsalarsu ba ce.

Ga misali guda daga 1348. Wani mutum ya ba mai fito goɗiyarsa ya ƙetarar masa da ita Kogin Humber. Mai fito ya yi haɗama, ya cika jirgi maƙil da wasu dawakan, goɗiyar ta halaka. Lauyan mai fito bai tsaya musun abin da ya faru ba, sai ya ce ai ƙarar ba a kan hanyarta aka shigar ba, wannan saɓa alkawari ne, ba ta'adi ba. Kotu ta ce cika jirgin da ya yi fiye da kima shi kansa ta'adi ne. Masana suna lissafa wannan 'yar shari'a cikin tushen dokar kwangila da ta sakaci. Goɗiya ɗaya tak!

Kuma kada mai karatu ya zaci da Turanci aka rubuta su. Da wani irin Faransanci ne na lauyoyi, gadon mamayar da Normawa daga arewacin Faransa suka yi wa Ingila a 1066. A 1362 an yi doka cewa a riƙa magana da Turanci a kotu, amma lauyoyi suka ci gaba da rubutunsu da Faransancin, yana ta lalacewa a hannunsu har ya koma abin da mu a nan za mu kira Ingausa. Akwai wani ɗan bayani da aka buga a gefen shafi cikin bugun 1688 na rahotannin Alƙali Dyer, game da wani fursuna da ya jefi alƙali da guntun bulo a garin Salisbury a 1631, ya kuskure shi da ƙyar. Cikin jimla guda za ka ga Faransanci da Latin da Turanci sun cakuɗe kamar dambu. Fursunan dai an yanke masa hannu, aka rataye shi nan take. Sai a 1731 majalisa ta yi dokar da ta wajabta Turanci a takardun kotu, ta fara aiki a 1733.

Da injin ɗab'i ya iso Landan, littafin Littleton a kan dokar mallakar ƙasa yana cikin na farkon da aka buga, wajen 1481, sannan kundayen shekara suka biyo baya kaɗan-kaɗan. Richard Tottel ya buga masu yawa a ƙarni na 16, aka kuma yi babban bugu tsakanin 1678 da 1680. Waɗannan su ne yau manyan ɗakunan karatu, irin na Lincoln's Inn a Landan da na Jami'ar Harvard a Amurka, ke tattali kamar ƙwai. Abin da ya sa suka yi wuyar samu a fili yake: kayan aiki ne, ba na ado ba. Lauya ya saya, ya cika gefen shafi da rubutunsa, ya bar wa yaronsa, shi ma ya ƙara nasa, har littafin ya tsufa ya yayyage. Ni a ganina wanda aka cika wa gefe da tawada ya fi sabo fil daraja, don shi ke nuna yadda aka fahimci dokar a zamaninsa.

Bugun kansa ma cike yake da kurakurai. Shi ya sa masanin tarihin shari'a F. W. Maitland, wanda da shi aka kafa ƙungiyar Selden mai binciken tarihin dokar Ingila a 1887, ya koma ga rubutun hannu na asali, yana gwada labarin ɗalibi da rajistar magatakarda, ya fara fitar da gyararrun kundayen zamanin Sarki Edward na Biyu a 1903.

Bayan 1535 sai rahotanni suka koma fitowa da sunan mai su: Plowden a 1571, Dyer a 1585, sai gawurtaccensu Edward Coke, wanda ake furta sunansa Kuk, da ya fitar da juzu'i 11 tsakanin 1600 da 1615. Coke lauya ne kuma daga baya babban alƙali, wasu shari'o'in da ya ruwaito da shi aka yi su, kuma an daɗe ana zarginsa da cusa ra'ayinsa a bakin kotu. Sarki Charles na Ɗaya ya san nauyin alƙalaminsa, don haka a 1634, lokacin da Coke ke kan gadon ajali, aka aika aka kwashe takardunsa. Wasu masu ruwayar kuwa ba a yarda da su ba sam. Akwai Espinasse, na ƙarshen ƙarni na 18, da ake yi wa shaguɓe cewa rabin abin da aka faɗa a kotu yake ji, sai ya rubuta ɗaya rabin da bai ji ba. Wato kafin alƙali ya karɓi hujja sai ya tambayi wa ya ruwaito ta, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malamai. Haka aka yi ta fama har 1865, lokacin da lauyoyi suka kafa majalisar da ke fitar da rahotanni masu tsari. Daga baya, tsakanin 1900 da 1932, aka tattara tsofaffin cikin juzu'i 178.

Wani zai ce ina ruwanmu da fatun Landan? Ruwanmu shi ne dokokinmu sun karɓi dokar Ingila ta gargajiya, suka kuma ɗauki 1 ga Janairun 1900 a matsayin iyaka ga dokokin majalisarta da ke aiki a nan. Ɗalibin shari'a a Zariya ko Kano har yau yana haddace shari'ar Pinnel ta 1602, a kan bashin fam 8 da sule 10, inda aka ce biyan wani ɓangare na kuɗi ranar biya ba ya sauke dukkan bashi, amma in mai bin bashi ya yarda ya karɓi doki ko shaho ko riga a madadi, to magana ta ƙare. Wa ya ruwaito mana wannan? Coke, a juzu'insa na biyar. Da bai rubuta ba, da babu abin da malami zai koyar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a wata kotun da na yi aiki, na taɓa buɗe ɗakin ajiya na tarar gara ta gama da rajistocin shekaru da dama, ragowar kuma ruwan damina ya manne su sun zama dunƙule. A cikinsu akwai shari'o'in gona da gado da alƙalai suka rubuta da hannunsu. Ina roƙon ka tura wakilinka ya zaga ɗakunan ajiyar kotunanmu da kyamara, ya kuma tambayi masu riƙe da makullan yaushe rabon da a buɗe su. In yana son ɗan rakiya, ƙafata ba ta gaza ba tukuna.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon rajistaran kotu,
daga Zariya.